Kafin ka sayar da kekenka, duba iska da sarƙa da sirdi

Tambaya: Wata uku ke nan da na fara zuwa aiki a kan keke, kusan kilomita 10 zuwa, 10 dawowa. Tayar baya tana yawan yin faci, sarƙa tana tsalle idan na danna feda da ƙarfi, gwiwata kuma ta fara ciwo. Abokan aikina suna fita tuƙin keke a ƙungiyance duk ƙarshen mako, sun gayyace ni, amma ina ganin kekena ba zai iya ba. In sayar da shi in sayi sabo ne?

Amsa: Malam, kada ka sayar tukuna. Abubuwa ukun da ka lissafa babu wanda ke nuna keken ya mutu. Na daɗe ina gyaran kekuna, kuma mafi yawan waɗanda ake turo mini da irin wannan ƙorafi lafiyarsu ƙalau: iska ce ta yi musu kaɗan, sarƙa ta gaji, sirdi kuma yana ƙasa da inda ya kamata. Idan ka sayi sabo ka ci gaba da riƙonsa yadda kake riƙon wannan, ba za a daɗe ba za ka sake aiko da wannan tambayar. Abin da kawai zai sa in ce ka rabu da shi shi ne firam ya tsage ko ya lanƙwashe, ko kuwa girman keken bai dace da jikinka ba sam. Ka wanke shi, ka fito da shi cikin haske, ka bi wuraren walda ɗaya bayan ɗaya, musamman wuyan keken da gindin firam inda feda ke juyawa. In ba ka ga tsaga ba, to mu ci gaba.

Mu fara da faci, don shi ya fi cin rai. Yawancin mutane idan taya ta sace sai su liƙe ramin su mayar da tif su hau, ba su tsaya sun tambayi abin da ya huda shi ba. Alhali ramin da kansa yana faɗa maka. Ranar da ta sake yi, ka ciro tif ɗin, ka hura masa iska, ka gano wurin, sannan ka dube shi da kyau. Idan ka ga ƙananan tsaga biyu kusa da juna kamar saran maciji, ba ƙaya ba ce, ba kwalba ba ce. Iska ce ta yi kaɗan, ka faɗa rami ko ka hau gefen kwalta, tayar ta lotsa har rim ya datse tif ɗin. Idan rami ɗaya ne ta bayan tif, wato ɓangaren da ke kallon ƙasa, wani abu ne ya shiga daga waje. Ka ɗora tif ɗin a kan tayar, bawul a daidai ramin bawul, ka ga inda hudar ta faɗo, ka lalubi cikin tayar a wurin. Ka yi da tsumma ko a hankali da yatsa, don sau da yawa guntun waya ko tsinin kwalba yana nan maƙale, bai fi kan allura ba. Irin wannan ne ke sa mutum ya yi faci da safe, da yamma ya sake yi a wuri guda. Idan kuma ramin yana ta ciki, ɓangaren da ke kwance a kan rim, to robar da ke rufe kawunan wayoyin rim ce ta goce ko ta tsinke, sai a sake ta. Yagewa a gindin bawul ma yawanci ƙarancin iska ne, tayar tana zamewa tana jan tif.

Tunda ka ce ta baya ce ke yi, na fi zargin iska. Ita ce ke ɗauke da kaso mafi yawa na nauyinka, balle in kana ɗora jaka a kariya. Matsa taya da babban yatsa ba ya gaya maka gaskiya. Tayar da ta rasa kusan rabin iskarta za ta iya yi maka tauri a hannu. Ka nemi famfo mai agogo, shi ne abu na farko da zan ce ka saya. A jikin kowace taya an rubuta iyakar iskar da take ɗauka, da psi ko da bar, wato ma'aunan ƙarfin iska, kuma bar 1 kusan psi 14.5 ne. Siririyar taya mai faɗin milimita 25 zuwa 28 takan so psi 70 zuwa 90. Matsakaiciya, mai 35 zuwa 40, wadda ita ce ta fi dacewa da zirga-zirgar gari, psi 45 zuwa 65 ya ishe ta. Ƙatuwar tayar keken hawan dutse kuwa 30 zuwa 40 ne a kan kwalta. Mai nauyi ya matsa sama, marar nauyi ya sauko, ta baya kuma ta ɗan ɗara ta gaba. Kada ka ce sai ka cika ta har iyaka. Taya mai tauri fiye da kima tsalle take yi a kan hanya mai gargada, ba ta kama ƙasa, hannu da ƙugu su sha jijjiga a banza. Sannan ka san cewa tif mai lafiya ma yana rage iska a hankali ta jikin robarsa, shi ya sa ake dubawa kowane mako ko da ba a yi faci ba.

Idan za ka sayi tif ko taya, ka duba lambar da ke jikin tsohuwar, irin 37-622. Ta farko faɗin taya ne, ta biyu faɗin da'irar rim, duka da milimita. Wannan ta fi lissafin inci aminci, domin akwai tayoyi iri biyu da ake kira inci 28, ɗaya 622 ɗaya 635, kuma ba sa shiga rim ɗin juna. Mai inci 26 ta keken hawan dutse 559 ce. Ka kuma lura da bawul: akwai mai kauri irin na mota da ake kira Schrader, akwai siriri mai ɗan noti a kai da ake kira Presta, wanda sai an kwance notin kafin iska ta shiga.

Shi kansa yin facin, gaggawa ce ke ɓata shi. Ka goge wurin da samfefa har ya daina sheƙi, ka shafa sholisho kaɗan ya zarce faɗin facin, sannan ka jira ya bushe, kamar minti biyar. Mutane a nan suke kasa haƙuri, su manna faci a kan ɗanyen sholisho, gobe ya ɗaga. Bayan ka manna ka danne sosai, ka sa wa tif ɗin 'yar iska kafin ka mayar don kada ya naɗe, ka ƙarasa shigar da tayar da hannu. Sukudireba ta huda tif da yawa a daidai wannan mataki. A kan hanyar aiki ma ba faci za ka tsaya yi ba: ka riƙa yawo da tif na ajiya, ka canja, ka liƙe wancan idan ka koma gida. In kuwa tsakiyar tayar ta shafe ta yi lebur, ko zare ya fara leƙowa, ko gefenta ya tsattsage, babu facin da zai cece ta. Ka sa sabuwa mai shimfiɗar kariya a ciki, irin su Schwalbe Marathon. Ta ɗan fi nauyi, amma ga mai zuwa aiki kullum nauyin ba komai ba ne.

Sai sarƙa. Ana cewa sarƙa ta miƙe, amma ƙarfenta ba ya miƙewa. Ƙananan ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta ne ke cinyewa, kowace gaɓa ta yi ɗan sako-sako, tsawon ya ƙaru. A sabuwar sarƙa, daga ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ne cif. Saboda haka ka ɗauki rula, ka sa farkonta a tsakiyar wata ƙusa, ka duba alamar inci 12. A sarƙa mai lafiya wata ƙusar za ta faɗo daidai kan alamar. Idan ta zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, wato kusan milimita ɗaya da rabi, lokacin canji ya yi. Idan ta zarce da milimita 3, an makara, ta riga ta cinye haƙoran firiwil, wato fayafayan giyar da sarƙa ke hawa a baya, su ma. Akwai ɗan ƙarfen awo da ake sayarwa don wannan aiki, mai alamar 0.5 da 0.75, keke mai giya 11 ko 12 a baya ana canja masa sarƙa a 0.5, mai ƙasa da haka a 0.75.

Tsallen da kake ji yana da tushe uku, kuma ana iya rarrabe su. Idan sarƙar tana zamewa ne kawai a giya ɗaya ko biyu da ka fi amfani da su, kuma sai ka danna da ƙarfi, to haƙora ne suka cinye. Ka duba za ka ga sun yi tsini sun karkata gefe ɗaya. A nan dole ka canja sarƙa da firiwil tare. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ta fi tsohuwar tsalle, kuma mutane da yawa sun zargi makanike da sayar musu da jabu saboda wannan. Idan kuwa sarƙar tana ƙara kacau-kacau tana neman haurawa giyar kusa, saiti ne: wayar giya ta saki, ko ɗan ƙarfen da ke riƙe da na'urar canja giya ya lanƙwashe saboda keken ya taɓa faɗuwa ta ɓangaren sarƙa. Na ukun shi ne gaɓa ɗaya da ta ƙage. Alamarta tsallen yana zuwa a kai a kai, bayan kowane juyi uku ko huɗu na feda. Ka juya feda baya a hankali kana kallon ƙananan ƙafafun da sarƙa ke ratsawa a baya, za ka ga inda ta yi tsalle. Ka ɗiga mai a wurin, ka lanƙwasa gaɓar gefe da gefe da hannu har ta saki.

Batun mai kuwa, a nan ake kashe sarƙa da niyyar kyautata mata. Baƙin man inji da giris suna kama ƙura da yashi, su haɗu su zama abin da ke goge ƙarfen daga ciki. Man feshin nan WD-40 na gama-gari yana da amfani wurin wanki da kwance tsatsa, amma ba ya daɗewa a sarƙa. Ka nemi man sarƙar keke: akwai mai kauri don lokacin ruwan sama, akwai marar kauri don lokacin ƙura. Ka fara goge sarƙar da tsumma, ka ɗiga ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa, ka juya feda baya sau da yawa, ka bar shi ya shiga, sannan ka goge na waje duka. A cikin gaɓa ake buƙatar man, na waje datti kawai yake tarawa. Sarƙar da ke sheƙi da mai tana ɓata ƙafar wando, mai ya yi mata yawa. Ga irin tafiyarka, sau ɗaya a mako ko biyu ya isa, da kuma duk ranar da ruwa ya dake ka. Idan za ka wanke keken, bokiti da soso sun wadatar. Injin feshin ruwa mai ƙarfi yana tura ruwa cikin boris ya kori giris. Ka kuma saba da sassauta ƙafa a daidai lokacin da kake canja giya, ka sauko giya mai sauƙi kafin ka tsaya a danja, don kada ka tashi da mai nauyi kana murƙushe sarƙa.

Wannan ya kawo mu ga gwiwa, don giya mai nauyi rabin matsalar ce. Sabon mahayi yakan ɗauka idan ƙafa ba ta jin nauyi ba a tafiya, sai ya zauna a babbar giya yana niƙa a hankali. Gwiwa ba ta son haka. Ka nemi giyar da ƙafarka za ta riƙa juyi 70 zuwa 90 a minti. Ka ƙirga juyin ƙafa ɗaya na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Da farko za ka ji kamar kana wasa, amma numfashi ne zai ɗauki aikin maimakon gaɓa. Ɗaya rabin kuwa tsayin sirdi ne. Ka jingina da bango, ka hau, ka ɗora diddigenka a kan feda tana can ƙasa. Ya kamata ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan feda, yadda ake tuƙi, gwiwar za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, kuma haka ake so. Masu son lissafi sukan auna tsawon ƙafa ta ciki, daga ƙasa zuwa matsematsi, su ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne nisan tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman sirdi. Mafari ne kawai, jiki ne zai ƙarasa faɗa. Ciwo ta gaban gwiwa yawanci sirdi ya yi ƙasa, ciwo ta bayanta ya yi sama. Idan gyaran mai yawa ne, ka riƙa ɗagawa da kaɗan-kaɗan, kamar milimita 5 a lokaci guda, kuma kada ka wuce layin da aka zana a jikin sandar sirdin, don abin da ya rage a cikin firam shi ke riƙe da kai. Za ka ga yanzu tafin ƙafarka ba ya sauka ƙasa duka kana zaune. Daidai ne, idan za ka tsaya sai ka zamo gaba daga kan sirdi. In ka gyara waɗannan biyun ciwon bai lafa ba cikin mako biyu ko uku, ko gwiwar ta kumbura, wannan ya wuce aikin makanike, ka ga likita.

Ba ka tambayi birki ba, amma ba zan bar ka ka shiga cikin mutane ban faɗa ba. Ka matse kowane hannun birki: idan ya taɓo kan keken kafin ya kama, waya ta saki ko roba ta ƙare. Robar birki tana da tsaga-tsaga a fuskarta, idan sun shafe a canja, kuma ta riƙa sauka a kan rim, kada ta taɓa taya. Mai birkin faifai ya kiyaye kada ɗigon mai ya taɓa faifan. Birkin gaba ne ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, domin nauyi gaba yake komawa idan ana tsayawa. Masu tsoronsa suna dogara da na baya kaɗai, shi kuwa jan taya yake yi a ƙasa. Ka sami fili marar motoci ka koyi matse su tare, kana tura ƙugu baya. Idan rim ya jiƙe, birki yana ɗaukar lokaci kafin ya kama, sai ka fara da wuri.

A cikin gari, abin da ke tsare mai keke shi ne direba ya gan shi kuma ya san inda ya dosa. Ka miƙe a layi ɗaya, kada ka riƙa shiga kana fita tsakanin motocin da ke ajiye. Ka bar aƙalla mita ɗaya tsakaninka da su, don ƙofa tana buɗewa ba sallama. Kada ka taɓa kutsawa tsakanin babbar mota da gefen hanya a kusa da mahaɗa: direban ba ya ganinka a wurin, kuma idan ya karya kwana ƙafafun baya suna yanke hanya su matso gefe fiye da na gaba. Ka tsaya a bayanta. Ka koyi waiwaye ba tare da keken ya kauce ba, ka nuna hannu kafin ka juya. Farar fitila a gaba, ja a baya. Hular kwano ta zauna daidai, yatsu biyu sama da gira, kuma wadda ta taɓa bugun ƙasa da ƙarfi ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba.

Gayyatar kuwa, ka amsa. Mutumin da ke yin kilomita 20 a rana, kwana biyar a mako, yana da kilomita 100 a ƙafarsa duk mako, kuma wannan ya fi abin da wasu masu kekunan tsada suke yi. Ka dai tambaye su nisan da za a yi, da gudun da suka saba, da ko suna jiran wanda ya rage a baya. Ƙungiyar da ba ta jira ba ta dace da fitar farko ba. Za ka yi mamakin sauƙin tafiya a cikin mutane, domin a shimfiɗaɗɗiyar hanya idan gudu ya ƙaru yawancin ƙarfinka a ture iska yake tafiya, wanda ke bin bayan wani kuma yana iya rage kusan kashi 30 cikin 100 na wahalar. Amma kusancin nan yana da ƙa'ida. Babbar ita ce kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan wanda ke gabanka. Idan ya ɗan kauce suka gogu, shi ba zai ma ji sosai ba, kai ne za ka sha ƙasa, na bayanka su biyo. A fitar farko ka zauna can baya, ka bar tazarar tsawon keke guda, ka riƙa rage ta idan ka saba. Kada ka kafe ido a kan tayarsa, ka duba ta saman kafaɗarsa ka ga abin da ke tahowa. Ba a taka birki farat ɗaya a cikin ayari: idan ka matso da yawa, ka daina juya feda ko ka ɗan ɗago ƙirji iska ta rage maka gudu. Na gaba su ne idon na baya, shi ya sa za ka ga suna nuna rami da yatsa suna ɗaga murya, kai ma ka miƙa saƙon baya. Wani abu da ba a cika gaya wa sabo ba: idan mutum ya miƙe tsaye a kan feda a hawan tudu, kekensa yakan ɗan ja baya a wannan daƙiƙar, don haka ka ƙara tazara a gindin tudu. Idan layi ya zo kanka ka ja gaba, ka riƙe gudun da ka tarar, kada zumuɗi ya sa ka ƙara, kuma ba laifi ba ne ka ja na ɗan lokaci ka koma baya.

Ka tafi da tif na ajiya mai bawul irin naka, ƙaramin famfo, 'yan sandunan ɓamɓare taya daga rim guda biyu, makullan alen masu lamba 4, 5 da 6, da sufana 15 idan ƙafafun kekenka na noti ne. Ka ɗauki ruwa ka riƙa kurɓa tun kafin ƙishi ya kama ka, da ɗan abin taɓawa idan tafiyar za ta wuce awa ɗaya da rabi. Gyaran sarƙa da sirdi kuwa kada ka bar shi sai daren fita. Ka yi shi a farkon mako, ka je aiki da keken kwana uku ko huɗu, don sabuwar wayar giya ko ta birki takan ɗan saki bayan tafiyar farko, sai a sake ɗaure ta. Da safen ranar, ka auna iska, ka matse birki biyun, ka tabbata ƙafafun a ɗaure suke, sannan ka ɗaga keken kamar taƙi ɗaya daga ƙasa ka sake shi. Duk abin da ya yi ƙara, ka nemo shi ka ɗaure kafin ka fita.